Zaɓen Soket Wajen Kwance Sensar Oksijin a Mota: Abin Lura ga Kanikawan Bagega da Masu Koyar da Su

1.0 Gabatarwa

Muna sane da cewa wasu za su yi mamakin a ce an zo taro irin wannan da takarda a kan ɗan guntun ƙarfe wanda bakanike ke jefawa cikin aljihun rigarsa. Uzurinmu shi ne, a fagen koyar da sana'a an fi yin ɓarna a kan ƙananan abubuwan da malami ke ɗauka kowa ya sani, saboda haka ba ya tsayawa ya koyar da su. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana yadda ake zaɓen soket, watau sifanar nan mai kama da ƙoƙo da ake kifawa a kan noti, idan za a kwance na'urar da ke auna iskar oksijin a jikin salansar mota. Wannan na'ura za mu riƙa kiranta sensa, kamar yadda kanikawa ke kiranta.

Mun ɗauki Bagega, a Ƙaramar Hukumar Anka ta Jihar Zamfara, a matsayin wurin da za mu dubi al'amarin. Bakaniken da ke Kano, in ya lalata sensa, zai aiki yaro Ƙofar Ruwa ya sayo wata kafin la'asar. Na Bagega, da takwarorinsa na ƙauyukan Bukkuyum da Gummi, sai dai su aika Anka, in ba a samu ba a nufi Gusau, ga kuɗin mota, ga halin rashin tsaro da hanyoyin yankin suka shiga a shekarun nan. Kuskuren da ake gyarawa cikin awa guda a birni yakan ajiye mota kwana da kwanaki a can.

2.0 Na'urar da Aikinta

Kafin mu kai ga soket, wajibi ne mu san abin da za a kwance. Injin fetur yana ƙona mai yadda ya kamata ne idan aka haɗa nauyin iska kashi 14.7 da nauyin fetur kashi 1. A zamanin kafireta, irin ta Peugeot 504 ɗin da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, bakanike ne ke daidaita wannan haɗi da sukuddireba da kunnensa. A motoci masu injekta kuwa kwamfutar mota ce ke yi, kuma ba ta da hanyar sanin ko ta yi daidai sai ta bakin sensa. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙirƙiro ta, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. A cikinta akwai wani irin tangaram da ake yi da sinadarin zirkoniya, an shafe shi da filatinam ciki da waje. Gefe guda yana fuskantar hayaƙin salansa, ɗayan yana fuskantar iskar waje. Bambancin yawan oksijin tsakanin ɓangarorin biyu shi ke haifar da ɗan lantarki, daga misalin bolt 0.1 idan fetur ya yi ƙaranci zuwa misalin bolt 0.9 idan ya yi yawa. Tangaram ɗin ba ya aiki sai zafinsa ya wuce digiri 300 a ma'aunin Selsiyas, shi ya sa aka sa wa na baya-bayan nan abin ɗumama kansu, wayoyinsu kuma suka ƙaru daga ɗaya zuwa uku ko huɗu.

Idan sensar da ke gaba ta mutu, kwamfuta takan koma ga lissafin da aka ajiye mata tun daga masana'anta, kuma galibi sai mota ta shiga shan mai fiye da ƙima, fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya yi wari. Da can direba kan yi haƙuri da wannan. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, haƙurin ya yi tsada. Direban Golf da ke jigila tsakanin Bagega da Anka ranar kasuwa ribarsa ba ta wuce abin da ya rage bayan ya sayi mai ba.

Akwai wani abu da ba za mu iya wuce shi ba tun da mun ambaci Bagega. Babban makashin wannan na'ura shi ne dalma. Fetur mai dalma yakan lulluɓe filatinam ɗin har ya daina jin oksijin, kuma ba wankin da ke dawo da shi. Saboda haka motoci masu sensa ba su zauna da gindinsu a ƙasashenmu ba sai da aka daina sayar da irin wannan mai. An ƙulla yarjejeniyar dainawa a Dakar a 2001, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka kammala a ƙarshen 2005, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Mutanen Bagega sun san sharrin dalma ta hanya mafi ɗaci, domin a 2010 aka gano gubarta a ƙauyukan Anka da Bukkuyum inda ake niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu a jihar, ba a kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega ba sai a 2013. Wannan ba shi ne batun takardarmu ba, amma malamin da zai bayyana wa ɗalibin wannan yanki yadda dalma ke kashe sensa ba ya bukatar dogon misali.

3.0 Siffar da Ta Jawo Matsalar

Mafi yawan sensocin motoci girmansu ɗaya ne. Tiredinsu, watau tsagin da ke zagaye jikinsu wanda ake murɗawa cikin rami, kaurinsa milimita 18 ne, tazarar tsagi zuwa tsagi kuma milimita 1.5. Kan da sifana ke kamawa mai kusurwa shida ne, faɗinsa milimita 22. Da a ce nan zancen ya tsaya, da kowace soket mai lamba 22 ta isa. To, amma daga bayan wannan kai akwai dogon jiki kamar na fulogi, daga ƙarshensa kuma waya ta fito, a bakin wayar akwai kan jona na roba wanda sau da yawa ya fi ramin soket girma. Soket ta yau da kullum rufaffiya ce, ba inda wayar za ta bi. Ban da wannan, sensa tana zaune ne a wuri mafi wahala a jikin mota: ta yi zafi ta huce sau dubbai, da damina ruwan kududdufi da taɓon rafi su watsu a kanta tana da zafi, tsatsa ta haɗe ta da salansa har su zama kamar ƙarfe guda.

Sai dai a lura, wasu tsofaffin motocin Toyota sensarsu ba murɗa ta ake yi ba, tana kan wani faffaɗan ƙarfe ne da aka ɗaure da ƙananan notina biyu. Irin wannan ba ta shiga bayaninmu. A duba kafin a ɗauko kayan aiki.

4.0 Tambayar da Ke Gaban Zaɓe

A ganinmu, kuma wannan shi ne jigon takardar, ba a iya cewa ga soket ɗin da ta fi, sai an fara amsa tambaya guda: wannan sensar da za mu kwance, za mu mayar da ita ne ko jefar da ita za mu yi? Amsar ita ke zaɓen ƙarfen.

Idan za a mayar da ita, alal misali an kwance ta ne don a sauke manifol ko a yi wa salansa walda, to dole waya ta tsira. A nan ne ake bukatar soket ta musamman mai tsagu a gefe, wadda ake zura wayar ta cikin tsagun sannan a kifa ta a kan sensar. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai doguwa, wadda ke haɗiye jikin sensar duka, a sa mata hannu daga sama. Tana da daɗin aiki inda akwai fili, kamar sensar da ke ƙarƙashin mota. Akwai kuma gajera, wadda ramin sa hannunta ke gefe, sensar ta leƙo ta samanta. Ita ce ta dace da sensar da ke jikin manifol, inda faifan kare zafi ko bangon gidan inji ke hana doguwa shiga. Wanda zai sayi guda ɗaya tak, shawararmu ya sayi gajerar, domin tana shiga inda doguwa ke shiga, ita kuwa doguwa ba ta shiga inda gajera ke shiga.

Amma fa tsagun nan da ya ba ta amfani shi ne rauninta. Zoben ƙarfe rufaffe yana riƙe kansa ta kowane gefe. Da zarar an tsaga shi, in aka matsa masa ƙarfi sai bakinsa ya buɗe, kamar yadda awarwaro ke buɗewa in an ja shi. Ko da buɗewar ba ta kai kaurin farce ba, ta isa soket ta zame ta kan kusurwoyin ta shafe su. Doguwar ta fi saurin buɗewa, musamman mai araha mai siririn jiki. Akwai dabarar da kanikawa ke yi wadda muka ga tana taimakawa: bayan an kifa soket, sai a ɗaura mata kilif na tiyo a gindinta a matse shi sosai. Yana rage buɗewar, ko da yake ba ya mai da ita rufaffiya.

Bari mu yi ɗan lissafi, tun da a gaban malamai muke. Ana ɗaure sabuwar sensa da ƙarfin murɗi na niyuton-mita 40 zuwa 50 a yawancin motoci. Bakaniken da ya zura bututu mai tsawon rabin mita a hannun soket, ya danna da nauyin kilo 30, ya ɗora mata kusan niyuton-mita 150, watau ninki uku na abin da aka ɗaure ta da shi. In ya hau bututun da ƙafa, abin ya wuce nan nesa. Soket mai tsagu ba a ƙera ta don wannan ba. Idan aka ja ta da matsakaicin ƙarfi sensa ba ta motsa ba, a dakata. Ƙarin ƙarfi ba zai kwance ta ba, kanta kawai zai cinye.

Idan kuwa an riga an tabbatar sensar ta mutu, ga sabuwa a hannu, to soket mai tsagu ba ita ce zaɓi na farko ba, ko da tana cikin akwati. A yanke wayar daga gindi, a kifa doguwar soket rufaffiya mai lamba 22 da kusurwa shida. Babu abin da ya fi ta riƙo. In jikin sensar ya yi mata tsawo, ring sifana mai lamba 22 za ta shiga cikin sauƙi tun da waya ta tafi. Mun sha ganin bakanike yana ta fama da soket mai tsagu don ya tsirar da wayar sensar da za a jefa a bola, har ya shafe kan, aikin rabin awa ya koma na yini. Haka nan mun ga akasin haka, wanda ya fi muni: an yanke wayar lafiyayyar sensa don a huta, aka ce ai za a haɗa ta da dalma daga baya. Wasu sensocin ta tsakanin silin wayar suke shaƙar iskar wajen da suke gwadawa da ita, kuma narkakkiyar dalma tana toshe wannan hanya. Dalili ke nan da masu ƙera su suka hana a yi musu irin wannan haɗi.

A wasu motocin kan jonar ƙarami ne, yana wucewa ta cikin ring sifana. In haka ta samu, an huta: a cire jonar, a zura ta ta cikin zoben, a bi wayar har zuwa kan sensar. An sami rufaffen zobe ba tare da an yanke komai ba. A gwada wannan tukuna kafin a yanke shawarar komai.

5.0 Kusurwa Shida ko Goma Sha Biyu, 22 ko 7/8

Waɗannan abubuwa biyu su ne ɗalibanmu suka fi rainawa. Soket mai kusurwa goma sha biyu tana da sauƙin kifawa a matsattsen wuri, domin juyi kaɗan ya isa ta zauna. Amma ƙarshen kusurwoyin noti kawai take kamawa. Kan da faɗinsa milimita 22 ne daga gefe zuwa gefe, daga kusurwa zuwa kusurwa milimita 25.4 ne. Ke nan abin da kowace kusurwa ta ɗara gefe da shi bai wuce milimita 1.7 ba, kuma wannan ɗan tsinin shi tsatsa ke fara ci. Mai kusurwa shida kuwa tana kwanciya a jikin gefunan shida, inda naman ƙarfen yake. A kan sabon noti bambancin ba ya nunawa. A kan sensar da ta shekara goma sha a ƙarƙashin motar da aka shigo da ita ta Kwatano, wadda ta sha gishirin da ake zuba wa titunan Turai da Amurka lokacin ƙanƙara kafin ta sha taɓonmu, bambancin shi ne aikin gaba ɗaya. Abin takaici, yawancin ring sifanonin da ke kasuwanninmu masu kusurwa goma sha biyu ne, saboda haka wanda ya ci karo da mai shida ya saye ta ya ɓoye.

Sai batun lamba. Za a ga an rubuta wa wasu soket 7/8, wasu 22, wasu ma an rubuta duka biyun kamar abu ɗaya ne. Inci 7/8 milimita 22.225 ne, watau ya ɗara 22 da kusan kwatan milimita. A kan da ya kumbura da tsatsa, wannan rarar takan sa soket ta shiga. A kan da tsatsa ta zaizaye, ita ce ke sa ta zame. Ƙa'idar da muke ba ɗalibai ita ce, a goge kan da burushin ƙarfe tukuna, a gwada 22 ta gaskiya, in ta bukaci a ɗan buga ta da guduma kafin ta zauna, to ita ce daidai. Soket ɗin da ke girgiza a kan sensa kafin a ja ta, ta riga ta faɗi abin da za ta yi.

Game da filat sifana mai buɗaɗɗen baki, da sifana mai daidaitawa, da filaya, ba mu da dogon bayani. Gefe biyu kawai suke kamawa. Sun isa ɗaure sabuwar sensa in babu wani abu, ba su isa kwance tsohuwa ba.

6.0 Abin da Ake Tsoro a Rasa

Ya kamata mu fahimci cewa sensar ba ita ce abu mafi daraja a wannan aiki ba. Ramin da take shiga shi ne. Sensa ana sayen wata, amma ramin yana jikin manifol ne ko jikin bututun salansa, in tiredinsa ya tafi sai an sauke su an kai wa mai walda ya yanke ya dasa sabon mazauni. Mun taɓa shan wannan da motarmu a wani gareji da ba za mu ambaci sunansa ba. An shafe kan sensar da filat sifana, aka koma ga kurfi da guduma, aka ƙare da liƙa mata noti da walda. Ta fito, amma ta fito da tiredin ramin a jikinta. Mota ta kwana huɗu a wurin, kuɗin gyaran ya fi na sensar.

Don guje wa haka, soket ɗin kirki tana bukatar mataimaka. A fara cire jonar waya kafin a juya komai, in ba haka ba wayar za ta nannaɗe ta tsinke daga ciki. A fesa man kwance tsatsa a gindin sensar a ba shi lokaci ya ratsa, in da hali ya kwana. A tayar da inji na 'yan mintoci don salansa ta yi ɗumi, domin ƙarfen da ke kewaye da rami yana buɗewa in ya ji zafi. Ɗumi muka ce, ba zafin da zai sale hannun yaron gareji ba. In za a kai ga wutar mai walda, mazaunin za a gasa, a kuma tabbata ba tiyon fetur a kusa. Da ta motsa, kada a yi ta juyawa gaba ɗaya. A kwance kaɗan, a mayar kaɗan, a ƙara mai, har ta saki. Kafin a sa sabuwa, a bi ramin da ƙarfen share tiredi mai awon 18 da 1.5. Yawancin sababbin sensoci suna zuwa da man hana kamewa a jikin tiredinsu. In za a ƙara, kada ya taɓa bakin, kuma kada a kusanto da gam ɗin silikon, domin shi ma yana kashe ta kamar dalma. A fara murɗa ta da yatsu har ta zauna, sannan a kawo soket.

7.0 Kafin a Ɗauki Soket Ɗin

Akwai sensoci da yawa da ake kwancewa ba su yi laifin komai ba. Tun daga 1996 dokar Amurka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa can tsarin binciken kai wanda ke sa ido a kan tukunyar tace hayaƙi, wadda a garejojin Nijeriya ake wa laƙabi da indomi. Saboda haka aka ƙara sensa ta biyu a bayan tukunyar, injin silinda shida mai reshe biyu kuma yakan ɗauki har huɗu. To, sananne ne cewa ana fasa wannan tukunya a kwashe cikinta a sayar saboda filatinam da 'yan'uwansa da ke ciki, sau da yawa mai motar bai sani ba. Daga nan fitilar gargaɗi ta kama, na'urar gwaji ta nuna lamba P0420, sai a ce sensa ce. Alhali wannan lamba cewa take tukunyar ba ta aiki, sensar kuwa gaskiya ta faɗa. Lambar da ke nuna laifi a hanyar abin ɗumama sensar farko ita ce P0135, ita ma a duba fiyus da waya kafin a zargi sensar. Bakaniken da ba shi da na'urar gwaji, kamar yadda yake ga da yawa a ƙauyuka, ya tura motar a karanta ta a gari kafin ya taɓa ƙarfen da ya shekara goma bai motsa ba.

Har ila yau, sensar gaba a motocin Toyota da Honda na baya-bayan nan wata iri ce dabam mai auna haɗin iska da mai dalla-dalla. Kanta 22 ne, tiredinta 18, soket ɗaya ke kwance su, amma ba a musanya ta da ta baya. Shigarta rami ba shaida ba ce cewa ita ce ta wurin.

Ga mu masu koyarwa a kwalejojin ilimi da makarantun fasaha, wannan darasi ba ya koyuwa a allo, kuma ba ya bukatar mota sukutum. Tsohon manifol da matacciyar sensarsa a jiki ana samunsa da araha a wurin masu kayan gwangwan, a Panteka ta Kaduna ko a Gusau. A ɗaure shi a matsin teburin aiki, a jera wa ɗalibi soket mai tsagu doguwa da gajera, da rufaffiya mai kusurwa shida, da mai goma sha biyu, da filat sifana. A ce masa wannan sensar za a mayar da ita, ya zaɓa, sannan a ce masa ta mutu, ya sake zaɓa. A bar shi ya ja mai tsagun har ya ga bakinta yana buɗewa da idonsa, ya kuma auna faɗin tsagun da kalifa kafin ja da lokacin ja, ya rubuta abin da ya samu a littafinsa.